Abin da Zuciyarka Take Tuƙa

Darasin nazari a kan warkar da zuciya, bimbini, da littattafan gyaran rayuwa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Filibiyawa 4:4-13

Ayar haddacewa: Joshuwa 1:8

Manufa: Ka san yadda za ka auna duk littafin da ya yi maka alkawarin kwanciyar rai, ka koyi bimbini a kan Maganar Allah, ka kuma gane lokacin da ya kamata ka nemi taimakon 'yan'uwa da na likita.

Gabatarwa



In ka taɓa shiga kara a nan Wudil ranar Juma'a da rana ta take, ka ga shanun da ba a kai ga loda su a tirela ba sun kwanta, bakinsu yana motsi alhali babu ciyawa a gabansu. Tuƙa ke nan. Saniya takan haɗiye ciyawa da sauri a wurin kiwo, ta tara a tumbi. In ta samu natsuwa sai ta riƙa dawo da ita baki kaɗan-kaɗan, ta sake taunawa, ta sake haɗiyewa. Takan shafe sa'o'i da yawa a kowace rana tana wannan aiki, kuma ta haka ne ciyawa take zama nama da nono. Makiyayi da dillali duk sun san saniyar da ta daina tuƙa ba ta da lafiya.

Zuciyar mutum ma tana tuƙa. Da rana kana haɗiye maganganu da sauri: abin da maigidanka ya faɗa maka a wurin aiki, kallon da wata ta yi miki a coci, labarin da ka gani a waya, kuɗin makarantar yara. Ƙarfe biyu na dare, gari ya yi tsit, sai zuciya ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya tana taunawa. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, a Turanci, da kalmar tuƙar dabba suke kiran wannan jujjuya damuwa a rai. Ba za ka iya hana zuciyarka tuƙa ba, haka Allah ya yi ta. Abin da ya rage gare ka shi ne ka lura da abin da kake ba ta.

Tambayi kowane mahauci abin da yake samu a tumbin wasu dabbobin da suka yi kiwo a bola. Zai ce maka leda, wani lokaci dunƙule guda. Dabbar ta ci ta tare da sauran abinci domin tana da ƙanshin abinci. Cikinta ya cika har ya kumbura, amma tana ta ramewa, domin leda ba ta narkewa, kuma ta tare wurin abincin kirki. Wannan darasi a kan haka yake: yadda za ka raba leda da harawa a cikin abin da kake karantawa domin neman lafiyar zuciya.

1. Daga ina waɗannan littattafai suka fito?

Ka san su. Ana shimfiɗa su a bakin titi a Sabon Gari, ana talla da su a tasha, ɗalibanmu na jami'ar kimiyya da fasaha da na makarantar 'yan sanda suna tura wa juna su ta WhatsApp. Bangonsu yana alkawarin kwanciyar hankali, arziki, ƙarfin zuciya da cikar buri.

Sun daɗe a duniya. A 1859 wani ɗan Birtaniya, Samuel Smiles, ya fitar da littafi mai suna Self-Help, yana ƙarfafa talakawa ma'aikata a kan naci da tattali. Napoleon Hill ya fitar da Think and Grow Rich a 1937. Dale Carnegie ya rubuta a kan daina damuwa a 1948. Norman Vincent Peale, wani fasto a birnin Niyok, ya fitar da The Power of Positive Thinking a 1952. A 2006 wata 'yar Ostiraliya, Rhonda Byrne, ta fitar da The Secret, aka sayar da miliyoyi.

Kada ka ɗauka karanta littafin da ba Littafi Mai Tsarki ba zunubi ne. An koya wa Musa hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Daniyel ya yi karatun Babila har ya fi sa'o'insa, bai kuwa ƙazantar da kansa ba. Bulus ya san rubutun mawaƙan Helenawa, ya yi amfani da shi sa'ad da yake wa'azi a Atina.

Akwai harawa a cikin waɗannan littattafai. Wanda ya ce maka ka tsara lokacinka, ka rage bashi, ka daina zama da masu kashe maka gwiwa, ka rubuta abin da kake godiya dominsa, gaskiya ya faɗa, kuma Karin Magana ya riga shi faɗa. A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba da niyya ba, irin su "ni ba ni da amfani" ko "ba abin da zai gyaru", kuma in aka taimake su suka auna waɗannan tunani da gaskiya sukan samu sauƙi. Har yau ana jinya da wannan hanya a asibitoci. Mai bi ba zai yi mamaki ba, domin Romawa 12:2 ta riga ta haɗa canjin rayuwa da sabunta hankali.

Saboda haka ba ƙona littattafai muke kira ba. Halin mutanen Biriya muke nema. Manzo Bulus kansa ya yi musu wa'azi, amma kowace rana sukan koma Nassi su duba ko haka ne, Littafi Mai Tsarki kuwa ya yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). In an auna Bulus, wane marubuci ne ya fi ƙarfin a auna shi?

2. Leda uku da za ka lura da su

Leda ta farko: koyarwar cewa tunaninka ne yake jawo duk abin da ya same ka.

Wannan ta samo tushe daga wata aƙida da ta taso a Amurka a ƙarni na 19, wadda ake kira Sabon Tunani. Ɗaya daga cikin jagororinta, Phineas Quimby, mai gyaran agogo ne da ya koyar cewa kuskuren tunani ne tushen cuta. Ya rasu a 1866, amma koyarwarsa tana nan, tana canza riga. Yau ana ce mata dokar jawowa: ka yi tunanin alheri ya zo, ka yi tunanin sharri ya zo.

Tana da daɗin ji muddin kana cikin lafiya da ciniki. Ga abin da take yi ran da masifa ta zo. Wata 'yar'uwa ta zo wurina bayan ta binne ɗanta ɗan shekara biyu da zazzaɓi ya ɗauke. Ta yi watanni ba ta barci. Da muka zauna, sai ta fito da abin da ke cinta. Ta karanta cewa tsoro yana jawo abin da ake tsoro, ita kuwa tun da ta haifi yaron take fargabar rasa shi. Ta yanke wa kanta hukunci cewa ita ta kashe shi da tunaninta. Kowane dare abin da take tuƙa ke nan. Littafin da ta saya domin ya warkar da ita shi ya ƙara mata gyambo.

'Yar'uwa, in kina ɗauke da irin wannan kaya, ki sauke shi yau. Fargabar uwa ba ta kashe ɗa. Abokan Ayuba sun nace cewa lalle akwai abin da ya yi ya jawo wa kansa wahala, a ƙarshe Allah ya yi fushi da su domin ba su faɗi daidai game da shi ba (Ayuba 42:7). Almajirai sun so su san laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa (Yohanna 9:1-3).

Mu masu furta alkawaran Allah ne, ba ma jin kunyar haka. Amma ka bambanta abu biyu. Mai bangaskiya yana dogara ga Uba mai rai, wanda yake da nufi, yake amsawa da "i", ko "jira", ko ya ba da alherin jimrewa kamar yadda ya yi wa Bulus da ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya (2 Korintiyawa 12:7-10). Mai dokar jawowa kuwa yana dogara ga ƙarfin tunaninsa, in abu ya ƙi, ba shi da wanda zai tuhuma sai kansa.

Ka kuma lura da yadda ake yanko aya. Wani ɗan Birtaniya, James Allen, ya ɗauko sunan littafinsa As a Man Thinketh daga Karin Magana 23:7, tun daga nan ake jan ayar a matsayin hujja cewa tunani ne yake halitta rayuwar mutum. Buɗe ka karanta daga aya ta 6 zuwa ta 8. Maganar marowaci ce, wanda yake ce maka bismilla da baki alhali zuciyarsa tana ƙirga lomarka. Gargaɗi ne a kan cin abincin mai rowa. Duk littafin da ya jawo maka aya, ka je ka karanta abin da ke gabanta da bayanta.

Leda ta biyu: koyarwar cewa duk amsa tana cikinka.

Za a ce maka ka rufe ido, ka kwashe komai daga zuciyarka, ka saurari kanka, a can za ka tarar da haske. Wasu hanyoyin natsuwa da ake koyarwa yau sun samo asali daga addinin Buddha. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara irin wannan horo domin marasa lafiya a wani asibitin jami'a a Amurka, ba tare da sunan addini ba, daga nan ya bazu. Mu faɗi gaskiya: zama shiru da jan numfashi a hankali yana kwantar da bugun zuciya, kuma numfashi kyautar Allah ce. In likita ya koya maka haka domin hawan jini ko fargaba, ba ka yi saɓo ba.

Inda za ka tsaya shi ne inda aka ce kai ne maɓuɓɓugar, ko aka ba ka wata kalma da ba ka san ma'anarta ba ka yi ta maimaitawa, ko aka ce ka buɗe kanka ga wani iko marar suna. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka gyara aka bar shi ba kowa, ƙarshensa ya fi farkonsa muni (Matiyu 12:43-45). Share ɗaki abu ne mai kyau, amma wa zai zauna a ciki? Wanda ya faɗa rijiya ba ya jawo kansa da gashin kansa. Sai an miƙo masa igiya daga sama.

Leda ta uku: koyarwar cewa cikar rai ita ce samun abin da kake so. Za mu dawo kanta a ƙarshen darasi.

3. Bimbini irin na Littafi Mai Tsarki

Wasu 'yan'uwa da sun ji an ce zuzzurfan tunani sai su ja da baya, suna ganin abin waɗansu addinai ne. Alhali Allah ne ya umarci Joshuwa da shi a daidai lokacin da nauyin jama'a ya faɗo a kansa bayan rasuwar Musa. Zabura ta fari ma da shi ta buɗe, ta kwatanta mai yin sa da itacen da ke bakin ruwa. Kai da kake ƙetare gadar Wudil ka san bambancin lambun bakin kogi da gonar tudu a watan Maris.

Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a waɗannan wurare biyu ita ce "haga". Tana nufin ƙaramar murya da ke fita a hankali. Da ita aka kwatanta gurnanin zaki a kan abin da ya kama (Ishaya 31:4), da kukan kurciya (Ishaya 38:14). Wato bimbini ba aikin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne, har da baki. Ka ɗauki Magana kaɗan, ka yi ta furta ta a hankali, kana juya ta, har ta sauka. Tuƙa ce sosai. Ranar Lahadi ka haɗiye wa'azi da sauri, kana ta cewa amin. In ba ka dawo da shi ka tauna ba ranar Talata, bai zama nama a jikinka ba.

Ka duba Filibiyawa 4:8. Bulus ya jera irin abubuwan da suka cancanci zama a tunaninmu, abin da ya sa a gaba kuwa shi ne gaskiya. Bai fara da abin da ke da daɗin ji ba. Nan ne bimbini ya rabu da "kyakkyawan tunani" na kasuwa. Ba a ce ka tsaya gaban madubi ka ce ba ka da ciwo alhali kana da shi ba. Marubucin Zabura 42 ya faɗa wa Allah ƙarara cewa ransa ya karai, sa'an nan ya juya ya yi wa ransa magana a kan sa zuciya ga Allah. Zabura 88 ma ta ƙare cikin duhu, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai cire ta daga Littafi ba. Allah yana karɓar kukan gaskiya fiye da murmushin ƙarya.

Ga yadda za ka fara:

Ka sa lokaci. A garinmu kiran sallar asuba yana tashe mu duka. Maƙwabtanmu suna tashi domin ibadarsu, kai ma ka tashi domin taka. Minti goma sha biyar sun isa mafari. Ajiye wayar a wani ɗaki.

Ka natsu, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka ido, domin shi ne Malamin.

Ka ɗauki aya ɗaya ko biyu kawai, ka karanta da murya sau uku, a hankali. In karatu yana ba ka wuya, ɗanka ya karanta maka, ko ka saurara a waya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ka yi bimbini da harshen da kake kuka da shi.

Ka tambayi ayar abu uku. Me ta nuna mini game da Allah? Wace ƙarya da nake tuƙa ta ƙaryata? Me zan yi yau saboda ita?

Ka mayar da ita addu'a. Ka yi addu'a da hankali, ka yi cikin Ruhu da harsuna yadda ya ba ka, sa'an nan ka yi shiru kaɗan a gabansa.

Ka tafi da ita wurin aiki. Rubuta ta a 'yar takarda ka sa a aljihu. Da dare, in tsohuwar damuwa ta taso, kada ka yi kokawa da ita. Ka faɗa wa Allah ita da sunanta, sa'an nan ka dawo da ayarka baki. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Yadda Allah ya yi jinyar Iliya

Kada wani ya ce maka damuwa alamar ƙarancin bangaskiya ce. Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya yi addu'a wuta ta sauko, ya sake yi ruwa ya sauko bayan shekarun fari. Ba a daɗe ba saƙon Yezebel ya iso shi, sai ya gudu. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ka ga alamomin: gajiya, tsoro, keɓe kai daga mutane, ganin kai ba kome ba, da fatan mutuwa.

Yanzu ka bi matakan Allah.

Da fari ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa. Ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Ba tsawa, ba wa'azi. Mu masu azumi da addu'ar dare ne, kuma suna da iko. Amma in ka yi mako uku ba ka barci, ba ka cin abinci, abin da kake bukata da farko shi ne tuwo da barci. Jikinka haikali ne, kada ka rushe shi da sunan ruhaniya.

Na biyu, ya ba shi dama ya yi magana. A kogon Horeb Allah ya yi masa tambaya ɗaya har sau biyu, Iliya ya maimaita kukansa kalma da kalma. Ka ga tuƙar mugun tunani ke nan. Allah ya saurara duka biyun.

Na uku, ya bayyana kansa. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji bai zo ta cikinsu ba, sai ta wata siririyar murya. Mu da muke son ganga da sowa a sujada, mu riƙe wannan. Akwai abin da Allah ba zai faɗa maka ba sai ka yi shiru.

Na huɗu, ya gyara masa lissafi. Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Bai ce masa ya yi tunani mai daɗi ba, gaskiyar da bai sani ba ya faɗa masa.

Na biyar, ya mayar da shi bakin aiki, ya kuma ba shi Elisha. Mutumin da ya bar baransa domin ya kaɗaita, Allah ya haɗa shi da abokin tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafi ba zai riƙe hannunka ba, ba zai kawo miki kunu ranar da kika kasa tashi ba. Wannan aikin ikilisiya ne, aikin zumuntar mata da ta maza da ta matasa.

5. Lokacin zuwa asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka ƙirga kujerun layinka ranar Lahadi. Muna gaskata da warkarwa, muna ɗora hannu, muna shafa mai bisa ga Yakubu 5:14, mun kuma san akwai yaƙin ruhu. Amma ba kowace damuwa ce aljani ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar ƙoda da hanta, tana iya kamuwa da ciwo. Bulus ya kira Luka likita da ƙauna (Kolosiyawa 4:14). Allah ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21).

Ka nemi likita in baƙin ciki ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, abin da kake jin daɗinsa a da ya fita ranka, barci da cin abinci sun rikice, ko aiki ya gagara. Haka in mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko mai jego ta shiga kuka da ƙin jaririnta, ko wani ya koma ga ƙwaya da kodin domin ya samu barci. Ka fara da babban asibitin nan Wudil. In da bukata za a tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Dawanau. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu jinya. In doka ta hana a wulaƙanta su, balle gidan Allah.

Tun a 1954 wani likita ɗan ƙasarmu, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa magani ya fi aiki in mutum yana cikin mutane. Elisha ke nan kusa da Iliya.

Abu biyu da babbar murya. In tunanin kashe kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi. Ka faɗa wa fasto, ko dattijo, ko wani na kusa da kai yau ɗin nan, a raka ka asibiti. Ba za mu kore ka ba, ba za mu yi shelarka ba. Sa'an nan in kana shan magani aka yi maka addu'a ka ji ka warke, kada ka zubar da maganin da kanka. Yesu ya aiki kutare goma su je firistoci su duba su (Luka 17:14). Je likita ya tabbatar, shaidarka za ta fi ƙarfi.

6. Ina cikar rai take?

Mu koma ga leda ta uku. Littattafai da yawa suna auna cikar rai da gida, mota, suna da cika buri. Neman halal da ci gaba ba laifi ba ne, muna roƙon Allah ya buɗe maka. Amma Yesu ya ba da labarin manomin da gonarsa ta yi albarka har rumbunansa suka kasa, ya zauna yana yi wa ransa albishir na shekaru masu yawa, a daren nan aka karɓi ransa (Luka 12:16-21). Ya yi kyakkyawan tunani, ya cika burinsa, Allah ya kira shi wawa. Cikinsa ya cika da leda.

Wasiƙar Filibiyawa kuwa, wadda ta fi kowace maganar farin ciki, daga kurkuku aka rubuta ta. Bulus ya ce ya koyi wadar zuci cikin ƙoshi da cikin yunwa. Lura, koya ya yi, ba dare ɗaya ta sauko masa ba. Ƙarfin kuma bai ce daga cikinsa ya haƙo shi ba, ya ce daga Almasihu ne.

'Yar'uwar nan da na ambata ta yi watanni tana ganin likita, matan zumunta suna zuwa gidanta bi da bi, tana tuƙa Zabura 23 aya ɗaya kowane mako. Ɗanta bai dawo ba, har yanzu takan yi hawaye. Amma tana barci, ta daina kiran kanta mai kisa, kuma duk gidan da aka yi rashin yaro a cikinmu, ita ce take fara isa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane tunani ne zuciyarka ta fi dawo da shi da dare? Gaskiya ne, ko leda?
2. Mene ne bambancin furta alkawarin Allah da dogara ga ƙarfin tunani?
3. Cikin matakai biyar da Allah ya bi da Iliya, wanne ka fi bukata yanzu?
4. Yaya ikilisiyarmu take karɓar wanda yake shan maganin ƙwaƙwalwa? Me ya kamata mu gyara?

Aikin wannan mako

Ka yi bimbini minti goma sha biyar kowace safiya a kan Zabura 42, aya biyu a rana. Ka ɗauko littafin gyaran rayuwa da kake karantawa, ka duba kowace aya da ya jawo a inda take. Ka kuma ziyarci mutum ɗaya da ka daina gani a sujada. Kada ka je da wa'azi, ka je da abinci da kunne.

Addu'a

Ya Uba, kai ka yi zuciyata, ka san abin da take tuƙa cikin dare. Ka fitar da kowace ƙarya da na haɗiye. Ka sauke mini laifin da ba nawa ba, wanda yake nawa kuma ka wanke shi da jinin Yesu. Ruhu Mai Tsarki, ka koya mini zama shiru a gabanka, ka sa Maganarka ta zama abincina. Ka ba ni tawali'un neman taimako, ka kuma mai da ni Elisha ga wani da ya gaji. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.